Idan Kan Tsohon Soja Ya Ƙi Natsuwa

Ɗan'uwa mai karanta wannan ɗan littafi, ko kai da ake karanta maka a gindin itace ko bayan an tashi daga sujada, ka tuna da wani tsohon soja da ka sani. Da wuya a sami gari a arewacin Gana da ba shi da nasa. Ya tafi aiki da ƙarfinsa, ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, babu tabo a jikinsa. Amma matarsa tana cewa ba mutumin da ta aura ba ne. Kullum ciwon kai. Ya ajiye makulli yanzu, an jima ya tayar da gida da nema. Kukan jika kaɗan sai ya tashi ya bar tsakar gida. Dare ya raba, kowa na barci, shi yana zaune a bakin ƙofa.

A gari kowa da abin da yake faɗa a kansa. Wani ya ce sammu aka yi masa a ƙasar da ya je. Wani ya ce ya taɓu. Wani ya ce giya ce, ko ragwanci. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a wannan aiki, kuma ga ra'ayina: da yawa daga cikin waɗannan mutane ƙwaƙwalwarsu ce ta taɓa girgiza, alamomin suka ƙi tafiya. Kuma maganin da ya fi yi musu amfani ba ya cikin kwalba. Horo ne, irin wanda soja ya riga ya saba da shi, sai dai wannan karon ana horar da barci, da tunani, da jiki.

Sojojin ƙasarmu sun daɗe suna fita. Sun je Kwango a 1960, kuma barikin Kamina da ke nan Tamale sunan wani gari ne na can. Suna Labanon tun 1979. Sun shiga Laberiya da rundunar ECOMOG a 1990, sun tsaya a Ruwanda a 1994 lokacin da wasu ƙasashe suka kwashe nasu, kuma sun yi aiki a Saliyo da Mali da Sudan ta Kudu. A irin wannan aiki kai yana shan duka. Bam ya tashi kusa da mutum, iskarsa ta jefar da shi. Mota ta kife a taɓo. Amma ba sai a fagen fama ba. Sojan lema yana iya buga kai wajen sauka a filin atisaye, wani kuma faɗuwa ce da babur a hanyar bariki. Kai ma da ba ka taɓa sa kaki ba, maganar nan ta shafe ka, domin a Tamale babur ya fi mota yawa, hular kwano kuwa sai ka ƙirga masu ita.

Me ke faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi, kusan kamar sabon wagashi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu da ƙarfi, ko jiki ya fizgu farat ɗaya, sai ta girgiza a ciki. Mutum ya ga duhu, ko ya rikice, ko ya manta abin da ya faru. Wani yana suma na ɗan lokaci, wani ba ya suma ko kaɗan, duk da haka girgizar ta auku. Idan aka ɗauki hoton kai a asibiti, galibi ba a ganin komai, domin ba ƙashi ne ya fashe ba, aikin ƙwaƙwalwar ne ya hargitse. Saboda haka idan likita ya ce hoto lafiya lau, ba yana nufin mai ciwo ƙarya yake yi ba.

Yawancin mutane suna warwarewa cikin mako biyu zuwa huɗu. Kaɗan ne alamomin ke bi har su wuce wata uku: ciwon kai, jiri, mantuwa, saurin fushi, gajiya, rashin barci, ƙin haske da hayaniya. Wani har shekaru.

Me ya sa nasu ya ƙi tafiya? Sojojin Amurka sun sha wannan tambaya bayan yaƙin Iraki da Afganistan, domin tun shekarar 2000 an ƙirga sama da 400,000 a cikinsu da suka sami rauni a ƙwaƙwalwa, kuma kusan huɗu cikin kowane biyar irin wannan girgiza ce mai sauƙi. A 2008 wani likitan soja mai suna Charles Hoge da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a kan sojoji 2,525 da suka dawo daga Iraki. A cikin waɗanda suka suma bayan bugun kai, sama da 40 cikin 100 suna fama da ciwon firgici, wato wanda abin tsoron da mutum ya gani ke dawo masa a mafarki da a farke. Da masu binciken suka ware firgicin da ciwon damuwa, sai suka ga bugun kan shi kaɗai bai bayyana yawancin ƙorafin sojojin ba, in ban da ciwon kai.

Ka lura da ma'anar wannan. Bugun ne ya kunna wutar, amma akwai abubuwan da ke zuba mata itace. Mutum bai yi barci ba, sai kai ya yi ciwo. Kai ya yi ciwo, sai ya ji tsoro cewa ƙwaƙwalwarsa ta lalace. Tsoro ya ɗaure masa wuya da kafaɗa, ciwon ya ƙaru. Sai ya daina zuwa gona, ya daina zuwa kasuwa, ya kwanta a ɗaki da rana. Jiki ya yi sanyi, dare ya yi barci ya ƙi zuwa. Gobe a sake. Ba za mu iya mayar da ranar da kai ya bugu ba, amma itacen nan muna iya zare shi ɗaya bayan ɗaya.

Saje da allurar da ban yi masa ba

Akwai wani dattijo da zan kira Saje, ba sunansa ba ne. Motarsu ta kife da su a wata ƙasa lokacin damina, ya suma na 'yan mintoci, ya huta kwana biyu ya koma bakin aiki. Shekara huɗu bayan ya yi ritaya matarsa ta kawo shi wurinmu. Ta zube mini ledar magunguna a kan tebur: farasitamol, tiramadol da yake saye a kantin magani, da wasu ƙwayoyi da ba su da ko suna. An kai shi wurin masu rubutu, an kai shi wurin masu addu'a, an tsaga masa goshi an shafa magani. Kuɗin fansho duk a nan yake ƙarewa.

Likita ya duba shi, muka auna jini, muka gwada zazzaɓin cizon sauro, aka tura shi gwajin ido da na kunne. Da na zauna na fara yi masa bayanin barci da tafiyar ƙafa, sai ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Madam, tun asuba na baro gida. Allura za ki yi mini ko hira?"

Na ce, "Baba, ranar da kuka shiga soja, allura aka yi muku kuka iya fareti?"

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya koma ya zauna. Laifina ne da ban fara da wannan ba. Na fara da "ka rage damuwa", shi kuwa abin da kunnensa ya ji shi ne ban yarda da ciwonsa ba. Tun daga ranar na daina buɗe magana da haka.

Da ƙwayoyin muka fara, domin nan mutane suka fi mamaki. Maganin ciwon kai da kansa yana jawo ciwon kai. Wanda yake shan farasitamol ko makamancinsa kwana 15 ko fiye a wata, ko tiramadol kwana 10 ko fiye, wata bayan wata, kansa yana sabawa, da zarar maganin ya sake shi sai ciwon ya dawo da ƙarfi. Tiramadol kuma yana kama mutum, yana iya jawo farfaɗiya, kuma mun ga abin da ya yi wa samarin garin nan. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke shi rana ɗaya, a rage masa a hankali a ƙarƙashin kulawar likita. Mako biyun farko Saje ya sha wahala, kuma na gaya masa tun kafin mu fara cewa zai sha. Giya ma, pito ce ko akpeteshi, tana kwantar da mutum da wuri amma ta tashe shi tsakar dare.

Sai barci. Doka ta farko: lokacin tashi ɗaya ne kullum, ko an yi barci ko ba a yi ba. Saje ya zaɓi kiran sallar asuba na masallacin unguwarsu ya zama ƙahonsa. Babu goro, babu ataya, babu kofi ko lemon ƙara kuzari bayan la'asar. Idan barcin rana ya zama dole, kada ya wuce rabin awa. Idan ka kwanta barci ya ƙi zuwa, kada ka yi ta juyi kana faɗa da matashi. Tashi ka zauna a wuri mai duhu-duhu, ba tare da waya a hannu ba, sai ka ji barci sannan ka koma. Dalilin shi ne jiki ya sake koyon cewa shimfiɗa wurin barci ce, domin wanda ya shekara yana kwance ido biyu, jikinsa ya ɗauke ta wurin tunani.

Sai motsa jiki, kuma a nan ne nake saɓawa da tsofaffin gida, har da abin da aka koya wa wasunmu a makarantar jinya. Dā ana cewa mai bugun kai ya kwanta a ɗaki mai duhu har sai ya warke sarai. Yanzu an gane cewa hutun kwana ɗaya ko biyu ya isa, bayan haka doguwar kwanciya tana jinkirta sauƙi. Ga yadda muke yi. Ka auna ciwonka da yatsun hannu, daga babu zuwa goma. Ka fita tafiya ta minti goma da sanyin safiya. Idan ciwon ya hau da yatsa ɗaya ko biyu kuma ya sauka cikin awa guda, babu laifi, gobe ka sake. Idan ya wuce haka, ka tsaya, gobe ka rage. Bayan 'yan kwanaki ka ƙara minti biyu ko uku. Matsalar sojoji ita ce ba su san kaɗan ba. Ranar da Saje ya ji dama-dama sai ya ɗauki fartanya ya yi kunyar doya tun safe har azahar, ya kwanta kwana uku. Muka koma minti goma. Sannu ba ta hana zuwa.

Hayaniya ma haka ake saba da ita. Wanda ya guje wa ƙara gaba ɗaya, kunnensa sai ya ƙara tsananta. Saje ya fara da zama a bakin titi minti biyar. Daga baya ya shiga kasuwar Aboabo da sassafe kafin ta cika, ya sayi abu ɗaya ya fito. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne bindigogin da ake harbawa a jana'izar manya da lokacin bukukuwa a ƙasar Dagomba. Wannan ba ciwon kunne ba ne kaɗai, ƙarar tana mayar da shi can inda ya baro. Muka koya masa numfashi: ka ja iska a hankali ta hanci har ciki ya taso kana ƙirga uku, ka sake ta a hankali kana ƙirga uku, ka yi ta yi na minti biyu ko fiye. Ana koyonsa lokacin da hankali ke kwance, safe da yamma, domin ba a koyon harbi ranar yaƙi. Maganar abin da ya gani a can kuwa, na haɗa shi da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, domin ta fi ƙarfin saninmu a ƙaramin asibiti.

Mantuwa ba ta da wuyar dabara. Ƙusa ɗaya a bango don makulli, ba a ajiye shi ko'ina sai nan. Ɗan littafi a aljihu. Wanda bai iya rubutu ba ya ɗauki muryarsa a waya, ko jika ya sa masa ƙararrawa don lokacin magani. Aiki ɗaya a lokaci ɗaya, a kashe rediyo idan ana magana mai muhimmanci. Na kuma tambayi matar Saje a gabansa ko ita ba ta mantuwa. Ta yi dariya ta ce jiya ma ta bar gishiri a kasuwa bayan ta biya kuɗi. Kowa yana mantuwa. Amma wanda ya taɓa bugun kai, duk wadda ya yi sai ya ce ga shaida ƙwaƙwalwata ta mutu, kuma wannan tunanin kansa yana cinye hankalin da zai riƙe abu da shi. Muna koya masa ya kama tunanin idan ya zo, ya tambayi kansa: a yau abubuwa nawa na tuna daidai?

Ga mai cewa wannan surutu ne kawai

Na san abin da wasunku ke faɗa. A wurinmu idan ba a yi allura ko an ɗaura ruwa ba, ba a yi magani ba. Wani kuma zai ce wannan dabarar Turawa ce masu kuɗi da lokaci.

An gwada ta a kan sojoji. A San Antoniyo ta Amurka an raba sojoji 126 masu wannan matsala gida huɗu na tsawon mako shida, aka buga sakamakon a 2017. Waɗanda suka zauna da mai horarwa fuska da fuska sun fi samun sauƙi a harkokin yau da kullum a kan waɗanda aka yi wa bayani kawai. Waɗanda aka bari da kwamfuta su kaɗai ba su sami wannan ribar ba. A San Diyego kuma an koya wa tsofaffin sojoji dabarun barci da natsuwa da riƙe abu na mako 12, alamominsu suka ragu. Ba zan ɓoye maka ba, ribar ba ta kai a ce kowa ya warke ba. Amma babu wata ƙwaya da aka tabbatar tana kawar da wannan ciwo gaba ɗayansa, kuma horo ba ya cinye fansho.

Batun kuɗi kuwa, abin da na ɗauka daga binciken San Antoniyo shi ne mutum ne maganin, ba na'ura ba, kuma mutane muna da su. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari na zama biyar da ake koya wa waɗanda ba likitoci ba, don su taimaki masu damuwa da firgici, kuma an gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya. A Zimbabuwe kakanni mata aka horar suna zama a benci kusa da asibiti suna sauraron mutane. Ba don bugun kai aka tsara waɗannan ba, amma itacen da suke zarewa shi ne wanda muka ambata. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda uku duk suna kudu, biyu a Akra da kewayenta, ɗaya a Ankaful kusa da Cape Coast. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ce a kawo kulawar kusa da jama'a. Ra'ayina shi ne, maimakon mu jira a gina mana babban asibiti, a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye, kuma hukumar kula da tsofaffin sojoji ta sa wannan cikin aikinta. Tsohon soja zai fi jin maganar ɗan'uwansa tsohon soja a kan tawa.

Ke matar gida, da ku 'ya'ya, rabin aikin a hannunku yake. Kada ku ce masa mahaukaci, ko da wasa. Kada kuma ku ɗauke masa kowane aiki don tausayi, domin wanda aka hana komai sai ya yarda cewa ba ya iya komai. Ku bar masa kiwon awaki, ko kai jika makaranta. Idan fushi ya taso, ku yi yarjejeniya tun da wuri cewa zai fita ya zagaya ya dawo, kuma ba wanda zai bi shi da magana. Amma idan ya kai ga duka, ciwo ba hujja ba ne. Ki tsare kanki da yara, ki gaya wa manya da ma'aikatan lafiya. Fasto da liman, ku yi masa addu'a, ku kuma tambaye shi ko ya yi tafiyarsa ta safe. Abin da nake roƙo shi ne kada a ɗaure mara lafiya da sarƙa, kada a hana shi abinci, kada a ce ya zubar da maganin asibiti.

Lokacin da ba a jira

Duk abin da na faɗa na ciwon da ya daɗe ne, wanda likita ya riga ya duba. Sabon bugun kai dabam ne. Idan mutum yana ta amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya danne shi ba a iya tashinsa, ko ya yi farfaɗiya, ko gefe ɗaya na jiki ya mutu, ko magana ta karkace, ko jini ko ruwa yana fita ta kunne ko hanci, wannan yana iya zama jini ne ke taruwa a cikin kai. A kira motar asibiti a 112, ko a nemi kowace mota a kai shi asibiti nan take, daga can za a tura shi Asibitin Koyarwa na Tamale idan da bukata. Ga tsofaffi da masu shan giya, jinin yana iya taruwa a hankali, sai bayan makonni dattijo ya fara rikicewa ko jan ƙafa. Kada a ce tsufa ne.

Idan kuma ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabon kayansa, ku ɗauki maganar da gaske. Ku kawar da bindiga da maganin feshi da tarin ƙwayoyi daga gida, kada a bar shi shi kaɗai, a kawo shi a ranar. Tun 2023 majalisar dokokin Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, saboda haka ba wanda zai kama shi don an kawo shi asibiti.

Saje ya yi wata biyar yana zuwa, da farko kowane mako, daga baya sau ɗaya a wata. Ciwon kai bai rabu da shi ba, yana zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, musamman lokacin zafin Maris da Afrilu. Har yanzu ba ya tsayawa inda ake harba bindiga. Amma yana barci, ya koma gonar doyarsa rabin yini, kuma matarsa ta daina ɓoye yara idan ta ji takunsa. Idan za ka kawo mana naka, ku zo da wanda yake kwana gida ɗaya da shi, da katin inshorar lafiya, da duk magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, a cikin leda ɗaya.